Wanda ya ɗauko mana labari, mu ne muke nuna gidansa

A watan Disamban 2023, lokacin da birnin Wad Madani na ƙasar Sudan ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, waɗanda a nan muke kira Da'ama, mun fito ta hanyar Sinnar a cikin wata babbar mota da aka cika ta da mata da yara da katifu. Kusa da ni akwai ɗan maƙwabcina, saurayi ne da ya shekara uku yana aika wa wata jaridar intanet rahotanni. Da muka hango shingen bincike, wanda bakin kowa ya saba kira irtikaz, sai na ga ya ciro wayarsa yana goge hotuna ɗaya bayan ɗaya, aikin wata takwas da ya yi yana bin makarantun da aka sauke 'yan gudun hijirar Khartum. Bayan haka ya ciro katinsa na aikin jarida, ya karya shi gida huɗu, ya tura gutsattsarin ta ƙasan kujera. Na ce masa, "Ɗana, ai wannan katin shi ne shaidarka." Ya ce, "Kawu, gara a same ni da wuƙa da a same ni da shi." Ba zan faɗi ko shingen na wane ɓangare ne ba, domin na tabbata ko na wa ne, abin da yaron nan zai yi ke nan.

Tun daga ranar nake juya wannan magana a raina, kuma abin da na tsaya a kai shi ne, haɗarin aikin jarida a lokacin yaƙi ya fi sauka a kan ɗan gari, wanda ba shi da hular kwano ko rigar sulke ko fasfon da zai fitar da shi, sa'an nan wani kaso na wannan haɗari daga hannunmu yake fitowa, mu masu sauraro da masu karatu, waɗanda muke son labari amma ba mu son a gaya mana abin da bai yi mana daɗi ba.

Idan aka ambaci ɗan jaridar fagen fama, hoton da yake zuwa wa mutane shi ne na Bature ko Baturiya da shuɗiyar riga a bayan motar sojoji. Gaskiya ne su ma suna mutuwa. An kashe Marie Colvin a birnin Homs na Siriya a watan Fabrairun 2012, an kuma sace Ghislaine Dupont da Claude Verlon na gidan rediyon RFI a Kidal ta ƙasar Mali aka harbe su ranar 2 ga Nuwamban 2013, abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana don tunawa da laifuffukan da ake yi wa 'yan jarida ba tare da an hukunta kowa ba. Sai dai irin waɗannan suna shiga ne da inshora da horo da ofishin jakadanci a bayansu, kuma idan wuta ta yi wuta akwai ƙofar fita. Mun ga haka da idonmu bayan 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙin Sudan ya ɓarke, sa'ad da jiragen sama suka riƙa kwasar baƙi daga sansanin Wadi Sayyidna, jiragen ruwa kuma suna tsallakar da su daga Bur Sudan zuwa Jidda. Cikin makonni kaɗan, duk abin da duniya take ji game da Khartum da Umdurman da Bahri ya koma fitowa daga bakin mutanen da gidajensu da iyayensu suke cikin wutar. Ƙididdigar Kwamitin Kare 'Yan Jarida da ke birnin New York ta nuna an kashe ma'aikatan yaɗa labarai 124 a shekarar 2024, adadin da kafin wannan shekara ba a taɓa gani ba tun da kwamitin ya fara lissafi, kuma mafi yawansu Falasɗinawa ne da suka mutu a Gaza, a kan titunan da aka haife su.

Namu ma suna da sunaye. Halima Idris Salim, wakiliyar tashar Sudan Bukra, tana bakin aikinta a Umdurman ranar 10 ga Oktoban 2023 motar dakarun RSF ta take ta. Mu'awiya Abdurrazak an harbe shi a gidansa da ke Bahri a watan Yunin 2024 tare da mutum uku daga danginsa. A cikin wannan watan aka kashe Makkawi Muhammad Ahmad na kamfanin dillancin labaran gwamnati, SUNA, a harin da aka kai ƙauyen Wad Annura na jihar Jazira. Ranar 21 ga Maris na 2025 kuwa, sa'ad da sojoji suka ƙwace fadar shugaban ƙasa, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa ayarin gidan talabijin na ƙasa da ya je ɗaukar hoton nasarar, ya kashe ma'aikata uku da direbansu. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne yadda da yawa daga cikin mamatan nan ba a fagen daga suka gamu da ajalinsu ba. An bi su har gida, kuma ba a bin mutum gida sai an san gidan, ba a kuma sanin gidan sai wani ya nuna.

Wannan ƙasa ba yau ta fara takura wa masu alƙalami ba. A zamanin Umar Albashir jami'an tsaro sukan jira a gama buga jarida, an kashe kuɗin takarda da tawada, sa'an nan su zo su kwashe ta gaba ɗaya, har a rana guda cikin Fabrairun 2015 suka kwashe jaridu 14. A watan Satumban 2006 aka sace Muhammad Taha Muhammad Ahmad, editan jaridar Alwifaƙ, daga gidansa, washegari aka tsinci gawarsa an sare kai. Kwanaki kaɗan kafin a tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yunin 2019, an rufe ofishin Aljazeera na Khartum, bayan kisan kuma aka katse intanet fiye da wata guda. An sake katse ta bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Duk da haka, a watan Agustan 2022 'yan jaridar Sudan suka yi zaɓe suka farfaɗo da ƙungiyarsu mai zaman kanta, karon farko tun 1989, suka ɗora Abdulmun'im Abu Idris a kanta. Wata takwas kacal suka samu kafin yaƙi ya ɓarke.

Abin da yaƙin ya fara ci shi ne wurin aikin kansa. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda aka adana muryoyi da hotunan ƙasar nan na shekaru aru-aru, ya shiga hannun RSF tun farkon faɗan, bai dawo hannun sojoji ba sai a watan Maris na 2024. Jaridun da ake bugawa a Khartum duk sun tsaya. Manyan editoci da masu hali sun tsallaka Alƙahira da Kampala da Nairobi, suna haɗa labari daga can, amma ɗanyen labarin dole wani ne zai ɗebo shi daga Nyala ko Sinja ko Tambul, kuma wannan wanin yawanci yaro ne da ba shi da takardar ɗaukar aiki, ana biyansa a kan kowane rahoto, idan an biya, ta manhajar tura kuɗi ta Bankak. Idan aka kama shi babu lauya, idan ya ji rauni babu kuɗin asibiti. Talauci ma haɗari ne a wannan sana'a, domin mutumin da ya yi wata shida ba albashi, ga 'ya'ya suna cin abincin takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, idan wani mai bindiga ya miƙo masa kuɗi ya ce rubuta kaza, ba kowa ne zai iya kawar da kai ba, kuma ranar da ya karɓa ya zama abin farautar ɗaya ɓangaren.

Sai kuma batun aika labarin. A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. A wurare da dama hanyar da ta rage ita ce na'urar Starlink mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, wadda ake kafawa a kasuwa ko a wata rumfa ana biya a kan sa'a, kuma a yankunan da RSF take iko sau da yawa masu bindigar ne suke da na'urar ko suke tsaye a kanta. A yi tunanin mutumin da yake son aika hoton gawarwaki alhali wanda ake zargi da kisan yana zaune taku uku daga gare shi yana kallon fuskar wayarsa. A irin wannan hali Mu'ammar Ibrahim ya riƙa aiko wa tashar Aljazeera Mubashir rahotanni daga Alfashir ta yankin Darfur tsawon ƙawanyar da RSF ta yi wa birnin, wadda ta kai kimanin shekara ɗaya da rabi, yana ba da labarin yunwar da ta sa mutane cin ambaz, wato tunkuzar da ake ba dabbobi. Ranar 26 ga Oktoban 2025 birnin ya faɗi, kuma a ranar aka ga bidiyonsa a hannun mayaƙan RSF suna kewaye da shi.

Kada wani ya ɗauka a ɓangaren gwamnati ɗan jarida yana barci da ido biyu. A watan Afrilun 2024 hukumomi sun dakatar da tashoshin Al'arabiya da Alhadas da Sky News Arabia. Kalma ɗaya ta isa ta kai mutum inda ba a dawowa da wuri, ita ce muta'awin, mai haɗa baki da abokan gaba. Wanda ya zauna a unguwarsa lokacin da Da'ama suke riƙe da ita, ya ɗauki hoto, ya yi magana da kwamandansu don a bar shi ya wuce, duk abubuwan da aikin jarida ya tilasta masa, ranar da sojoji suka dawo waɗannan abubuwan ne za su zama hujja a kansa. Ga kuma abin da mutane suke kira dokar baƙin fuskoki, inda ake tsare mutum saboda kamanninsa ko lafazinsa ko garin da aka rubuta a takardar haihuwarsa. Bahaushen Sudan ya san wannan ciwo tun kafin yaƙi. Kakanninmu sun zauna a garin Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu ma sun riga haka a kan hanyar hajji, mun noma audugar Jazira da dawar Gadarif, amma har yau akan tambayi jikanmu daga ina ya zo. Idan wannan jikan ya riƙe kyamara, tambayar takan zama biyu: daga ina ka zo, kuma wa ya aiko ka.

Yanzu zan zo kan namu laifin, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta, ya ci mutane a Rusairis da Ganis da kewayen Damazin, sa'an nan ya sake tashi a watan Oktoba a Wad Almahi, inda aka kashe mutane kusan ɗari biyu cikin 'yan kwanaki. Duk wanda yake cikin zaurukanmu na WhatsApp a lokacin ya san abin da ya gudana. Saƙonnin murya suna shigowa dare da rana, kowa da adadinsa na matattu, ana turo hotunan da daga baya aka gane wasunsu ba a Sudan ma aka ɗauke su ba. Zuciya ta yi zafi, kuma da dalili, domin an kashe mana mutane an ƙone mana gidaje. Jama'armu suka fita zanga-zanga a Khartum da Gadarif da Bur Sudan da Kasala, a Kasala kuwa aka cinna wa ofisoshin gwamnati da shaguna wuta.

Yaron nan da na ambata a farko ya rubuta rahoto a kan abin da aka yi wa Hausawa, da sunayen ƙauyuka da abin da waɗanda suka tsira suka shaida masa. A cikin rahoton ya saka jimla biyu, ɗaya tana cewa akwai matattu a ɗaya ɓangaren ma, ɗaya kuma tana cewa masu zanga-zangar Kasala sun ƙona dukiyar mutanen da ba ruwansu. Kafin la'asar an sa hotonsa a zauren da nake ciki, an kira shi munafuki, an ce an saye shi, wani kuma ya rubuta sunan unguwarsu da kwatancen gidan mahaifinsa. Mutum fiye da ɗari biyu ne a zauren, da malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma ban ga wanda ya ce a bari ba. Ni ma ban ce ba. Na karanta, na ajiye wayar, na tafi masallaci, ina gaya wa kaina cewa zafin rai ne zai wuce. Mahaifinsa ya kwana uku yana kwana a zaure da sanda a gefensa.

Mun kasa gane cewa waɗancan jimloli biyu su ne suka sa wanda ba Bahaushe ba zai yarda da sauran rahoton. Labarin da ya ce namu duk salihai ne, nasu duk azzalumai, mu kaɗai za mu karanta shi mu yi kuka, ba zai motsa alƙali ko jami'in agaji ko maƙwabcin da yake shakka ba. Al'umma irin tamu, wadda ba ta da runduna, ba ta da yawan kujeru a gwamnati, babban abin da take da shi ranar da aka zalunce ta shi ne shaidar mutumin da aka san ba ya ƙara gishiri. Muna karanta aya ta shida ta Suratul Hujurat, wadda ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci, amma mutumin da ya ɗauki wannan bin diddigi a matsayin sana'a shi muka fara jifa.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a wajen mai shayi. Za a ce 'yan jaridar nan ba waliyyai ba ne, a cikinsu akwai masu hura wuta, akwai 'yan amshin shatan janar-janar. Haka ne, kuma duniya ba ta manta yadda gidan rediyon RTLM ya hura wutar kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994 ba. Amma a duba a gani su wane ne suke hura wutar yaƙin nan. Mafi yawansu suna zaune ne a ƙasashen waje cikin ɗaki mai sanyi, suna buɗe Facebook kai tsaye suna kiran a gama da ƙabila kaza. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan zamani mai jan ruwan yana can nesa, wanda ruwan yake duka shi ne yaron da ya je asibiti ya ƙirga gawa da idonsa. Wanda ya yi ƙarya a rubuce, a mayar masa da martani a rubuce, ko a kai shi gaban shari'a ranar da shari'a ta dawo. Sanya kwatancen gidan mutum a zaure a lokacin da kowane lungu yake da bindiga, wannan miƙa shi ne ga makasa, ko mai yin hakan ya nufa ko bai nufa ba.

Za a kuma ce, a ƙasar da dubun dubata suka mutu, miliyoyi suka bar gidajensu, me ya sa za a keɓe 'yan jarida da kuka? Ran ɗan jarida bai fi ran manomi ba, wannan babu musu. Sai dai a tuna Aljinaina, babban birnin Darfur ta Yamma. A watan Yunin 2023 gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abbakar, ya yi magana da tashar Alhadas ta waya yana cewa ana kashe fararen hula, bayan sa'o'i kaɗan aka kama shi aka kashe. Garin ya rufe ruf, ba mai ɗaukar hoto, ba mai aikawa. Sai da waɗanda suka tsira suka isa Adre a ƙasar Chadi aka fara jin abin da ya faru, daga baya kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum dubu 10 zuwa dubu 15 aka kashe a wannan gari kaɗai. Mai niyyar kisa yakan fara da kawar da mai gani, kuma idan mai gani ya kau, manomin ne yake biye.

Dokoki kam akwai su. Sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Janiba ta 1977 ya ce ɗan jarida a fagen yaƙi farar hula ne, Kwamitin Sulhu ya nanata haka a ƙuduri mai lamba 1738 na 2006 da mai lamba 2222 na 2015. Hukumar UNESCO kuma ta ce a cikin kowane kisan ɗan jarida ɗari, kimanin 85 ba a hukunta kowa. Yaron da yake tsaye a irtikaz da bindiga a kafaɗa bai taɓa jin sunan Janiba ba, saboda haka ban sa rai daga can ba.

Inda nake da iko da bakina shi ne wajen 'yan'uwana. Gidajen yaɗa labaran waje da suke karɓar murya da hoto daga yaranmu su biya su a kan kari, su ɓoye sunan wanda ya nemi a ɓoye, su tambaye shi yadda zai fita kafin su tambaye shi me ya gani. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun san wannan ɗaci, domin an harbe Zakariyya Isa na gidan talabijin na NTA a Maiduguri a 2011, an kuma harbe Enenche Akogwu na tashar Channels a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana tambayar mutane abin da suka gani bayan tashin bama-bamai. Mu kuma a nan, sarakunanmu da umdodinmu, wato dagatanmu, da limamanmu da masu kula da zaurukan WhatsApp su ɗauki sanya hoton ɗan jarida da kwatancen gidansa a matsayin abin kunyar da ake korar mutum daga zaure a kansa, ko da abin da ya rubuta ya ƙona mana rai.

Yaron yana nan Gadarif yanzu, yana sayar da caja da murfin waya a kan tebur a bakin kasuwa. Da sojoji suka karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, mutane suna ta guɗa a titi, na je wajensa na ce ko zai koma ya rubuta yadda aka bar garin. Ya ɗan yi shiru yana jera kayansa, sa'an nan ya ce, "Kawu, idan na koma na rubuta abin da Da'ama suka yi, za a yi mini tafi. Idan na ƙara da abin da aka yi wa mutanen kanabi, matsugunan 'yan ƙwadagon gona, bayan an shiga, wa zai kwana a zaure da Baba?" Ban ba shi amsa ba. Na sayi cajar da ba na bukata, na biya, na kama hanyar gida.